Wake Goma Sha Ɗaya

Aka ba ni jaka da alli da tawada,
Aka ce, "Ga unguwarka can a Nafada,
Kar ka tsallake ko da bukka guda,
Duk mai numfashi ka sa shi a ƙidaya."

Na bi gaɓar Gongola da hantsi,
Masunta na shanya koma a yashi.
Ɗaya ya ce, "Malam, har da tarwaɗa?"
Na bar su da shewa, na kama hanya.

Gida na tara, zaurensa ya tsage,
Na yi sallama, akuya ta riga kowa amsawa.
Goggo Dudu na tsintar wake a faifai,
Ba ta ɗago ba ta ce, "Shigo. Lafiya?"

Na ce, "Mutum nawa ke kwana a nan?"
Ta ce, "Ɗan nan, ana ƙirga mutum?
Buhu ake ƙirgawa, da canjin cefane.
Rubuta muna nan, kuma muna godiya."

Na ce hukuma ce take son sani,
Don aji, don famfo, don magani.
Ta ce, "Wancan karon ma haka na ji.
Aka shafa min shuɗi a babban yatsa,
Shuɗin ya goge, ga ni ga guga,
Har yau ni ce a bakin rijiya."

Duk da haka ta share gefen faifai,
Ta turo ƙwaya guda, ta yi shiru.
Na ɗaga biro ina jiran suna,
Ta kau da kai tana gyara ɗankwali.
Ɗan fari ne. Bakin ya ƙi, don kunya.

"Wannan Barmani, tana aure a Bajoga.
Wannan Ajuji, ji sunan ka gane,
Uku na rufe kafin shi ya zauna."
Ta turo ukun, ta jera su tare.
Na ce, "Goggo, su ba su da gurbi."
Ta ce, "A takardarka. Ni na goya su a baya."

"Wannan Shekarau, yana Fatakwal,
Damina shida ke nan ban ji muryarsa ba."
Na ce, "Tunda ba nan yake kwana ba,
Can za su ƙirga shi, ba ni ba."
Ta nuna tabarma naɗe a lungu:
"Ita ma can za su ƙirga ta?" Na rasa amsar tambaya.

A takardata mutum uku na samu:
Ita, da jika, da tsoho a ɗaki.
A faifanta wake goma sha ɗaya.

Gida na goma an haihu da asuba,
Tagwaye, ko cibi bai bushe ba.
Layin suna na bar shi fari fat,
Uban ya ce, "Dawo ran suna,
Ka ci tuwo, ka cike abinka gaba ɗaya."

Kafin magariba na ji salati:
Baba Jauro na gida na huɗu,
Wanda na sa wa tawada da hantsi,
Ya tafi da shuɗin yatsansa.
Lissafina bai kwana ba ya zama ƙarya.

Da dare na zazzage jaka a masauki,
Ƙwayar wake ta faɗo kan takarda.
Ban san ko wane ne a cikinsu ba,
Mai rai ne, ko na ƙasa, ko na tafiya.

Na tuna Inna can a Dukku.
Yau wani mai alli ya shiga gidanmu,
Ya ce, "Yana kwana a nan?" Ta ce, "A'a."
Ya ja layi, ya rufe littafi.
Na san ta bi shi da ido har zaure,
Sannan ta koma ta ƙirga ni a zuciya.